Katin Memori da Sana'ar 'Yan Tura a Bakin Kainji

A 1968 aka kammala madatsar ruwan Kainji, a shekarar kuma Robert Dennard na IBM ya samu rajistar ƙirƙirar DRAM, ma'ajiyar da kwamfuta ke ɗora aikinta a kai. Rauninta guda: wuta na ɗaukewa, komai ya goge. Shi ya sa ba ita ta haifar da sana'a a Yelwa, Ngaski da Shanga ba, maƙwabtan tafkin da lantarkinsa bai wadace su ba. Ma'ajiyar filash, wadda Fujio Masuoka na Toshiba ya ƙirƙira a shekarun 1980, ita ta kafa 'yan tura, masu zuba wa mutane bayanai a katin memori, domin tana riƙe bayanai ko babu wuta. GSM ya zo Najeriya a 2001, katin microSD mai filash ya fito a 2005, sannu a hankali kaset da CD suka ja baya. Masunci kan kai katinsa kasuwa a zuba masa wa'azi da finafinan Kannywood.

Wasu na cewa babban kati ke sa waya sauri. Kuskure ne mai cin kuɗin talaka. Kati rumbu ne kawai. Yawan aikin da na'ura ke ɗauka lokaci guda yana hannun RAM, wato irin DRAM ɗin nan. A waya manne take, ba a ƙara ta, amma yawancin kwamfutocin 'yan tura suna da gurbin ƙari.