Sarƙar Sarkin Patiyala: yadda aka ƙera ta, da yadda ta watse

Kun san yadda iyayenmu mata kan ɗauki tsohon ɗan kunnen gwal na gado su kai wa maƙeri ya narkar, ya fitar musu da sabon yayi? To yau labarin wani sarki ne da ya yi irin wannan, sai dai shi da akwatuna ya je.

Sunansa Bhupinder Singh, sarkin Patiyala da ke yankin Punjab a Indiya. A shekarar 1925 ya kai wa kamfanin Cartier na birnin Faris tarin duwatsu masu daraja daga taskar gidansu, ya ce a sake musu mazauni. Abin da ya sa kuwa, kayan ado na sarakunan Indiya a lokacin cikin gwal mai nauyi ake dasa su, su kuma maƙeran Faris sun koma aiki da wani farin ƙarfe, filatinam. Shi wannan ƙarfe yana da ƙarfi sosai, ɗan siriri ma ya isa ya riƙe dutse, don haka ƙarfen sai ya ɓuya, daiman ɗin ya yi ta walƙiya shi kaɗai. Wannan ne ya ja hankalin sarki.

Shekara uku ana aiki. A 1928 aka gama sarƙar: layi biyar, daiman 2,930, ga jan yaƙutu na ƙasar Bama. A tsakiya aka rataya wani daiman ruwan ɗorawa mai suna De Beers, wanda aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1888, nauyinsa ya haura karat 234. Wato kusan giram 47, dutse guda fa! Kuma namiji ne ke sa ta, tana rufe masa ƙirji gaba ɗaya.

Sarkin ya rasu a 1938, ɗansa Yadavindra Singh ya gaje shi, ya ci gaba da sa ta. Indiya ta samu 'yanci a 1947, masarautu suka fara rasa iko, wajen 1948 sarƙa ta yi ɓatan dabo daga taskar fada.

Sai a 1982 babban daiman ɗin ya ɓulla a wani gwanjo na Sotheby's a Janiba, shi kaɗai, ba sarƙa. A 1998 kuma wani ma'aikacin Cartier, Eric Nussbaum, ya ci karo da ragowarta a wani shagon tsofaffin kayan ado a Landan. Layukan filatinam suna nan, amma an ƙwaƙule manyan duwatsun duka, har da yaƙutun.

Cartier suka saya, suka shafe kusan shekara huɗu suna gyara. Nan ne ni abin ya fi ba ni mamaki. Ba su iya dawo da duwatsun asali ba, sai suka cike gurabun da duwatsun da ake haɗawa a masana'anta, har da kwaikwayon De Beers ɗin kansa. A ganina sun kyauta da suka faɗa wa duniya haka a fili, maimakon su bar mutane su ɗauka na gaske ne.

Yanzu sarƙar tana hannun Cartier, suna kai ta wuraren baje koli a ƙasashe daban-daban. Duwatsun da aka ciro daga taskar Patiyala kuwa, yawancin manyan ba a sake jin ɗuriyarsu ba.