LAKAR TAFKI MA KUNDIN TARIHI CE



Muna yara a Tambuwal, mukan ɓalle mayen ƙarfe daga lasifikar tsohuwar rediyo, mu ja shi cikin rairayi, baƙin gari ya manne masa. Wasa muka ɗauke shi. Ashe da irin garin nan masana ke karanta tarihin duniya.

A ƙasashe masu manyan duwatsu kamar Nowe da Peru, tulin ƙanƙara kan taru a bisa dutse, yana gangarowa a hankali yana niƙe dutsen kamar tsaba a maniƙa. Ruwa ya kwashi garin ya zuba a tafkin da ke gindin dutsen, ya kwanta hawa-hawa. Masana sai su kafa bututu su zaro lakar, su auna ƙarfin maganaɗisun kowane hawa. Galibi inda ya yi yawa, ƙanƙara ta bunƙasa a zamanin. Inda ya ragu, ruɓaɓɓen tsiro ya rinjaya, ta ja baya.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da ƙanƙara? To, namu garin ƙurar hunturu ce. A tafkin Kajemarum da ke jihar Yobe an zaro laka an yi mata gwaje-gwaje, har da na maganaɗisu, aka wallafa sakamakon a 2000. Ta ba da labarin shekara 5,500. Ta nuna ƙasa ta fara bushewa sosai wajen shekara 4,100 da suka wuce, an kuma yi wani dogon fari shekara 1,000 zuwa 1,200 baya. Wato tun kafin jihadin Shehu na 1804 da ƙarnuka.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Iyayenmu farin 1973 da na 1984 suke ba mu labari, mu ɗauka shi ne ƙarshen wahala. Laka ta ce an yi wanda ya fi su daɗewa, tun ba mota ba masana'anta. Ina ga yanzu da muke sare itatuwa, zafin duniya kuma yana ƙaruwa?

Daga Dogon Daji zuwa Kuchi ta ƙasar Kebbe, tafkuna da fadamu ne abincinmu na rani. Muna kallo suna cikewa da yashi, muna haƙe gindinsu muna bulo. Roƙona ga ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo: ku zo ku zaro lakar nan ku karanta mana kafin ta ƙare a katanga.

Wane tafki ne ya ƙafe a garinku da idonku? Ku faɗa mini sunansa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.