Babbar Kasuwar Kaduna da Jarrabawar Shekarar 2000: Darasi a Kan Tawakkali, Haƙuri da Biyayya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai bayarwa a lokacin da Ya so, Mai karɓewa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass.

Bayan haka, tawakkali kalma ce mai sauƙin faɗa a zawiya, lokacin da ciki yake ƙoshe kuma shago yake cike da kaya. Amma ba a sanin nauyinta sai ranar da mutum ya wayi gari ya tarar abin da ya tara shekara da shekaru ya zama toka. Irin wannan rana ta taɓa zuwa wa 'yan Babbar Kasuwar Kaduna, kuma ya dace a tuna da ita a wannan taro mai albarka.

Gari da kasuwarsa

Kaduna gari ne na baƙi. A shekarar 1917 Gwamna Lugga ya ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru ya mayar da ita nan, saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa. Sojoji da ma'aikatan reluwe da na gwamnati suka sauka, fatake suka biyo su daga Kano da Zariya da Katsina da Borno da ƙasar Nupe, Yarabawa da Ibo kuma suka zo daga Kudu. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, albashin dubban ma'aikata ya riƙa kwarara cikin Babbar Kasuwa da ke kan Titin Ahmadu Bello. A cikin waɗanda suka kafa rumfuna akwai muridai da muƙaddamai da suka zo da tasbahansu, suna lazimi kafin su buɗe shago, suna haɗuwa wajen wazifa bayan sun rufe.

Bayan rasuwar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a 1992, hukuma ta sa wa kasuwar sunansa. Sananne ne cewa tsohon Alƙalin Alƙalan Arewa ya yi saɓani mai tsanani da ma'abota ɗariƙu, musamman a shekarun da suka biyo bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Duk da haka ɗan ɗariƙa da maƙwabcinsa mai inkari sun ci gaba da zama a layi ɗaya, wannan ya tsare wa wancan shago idan ya tafi salla. Shi ma wannan zama wani reshe ne na haƙuri.

Shekarar jarrabawa

A ranar 21 ga Fabrairu, 2000, rikici ya ɓarke a Kaduna a kan batun ƙaddamar da Shari'ar Musulunci. Rayuka masu yawa suka salwanta, Musulmi da Kirista, aka ƙone gidaje da shaguna da wuraren ibada. Jini bai gama bushewa ba, sai ga gobara ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Maris, ta cinye shaguna da dukiya mai ɗimbin yawa. A watan Mayu rikici ya sake dawowa. Daga nan garin ya rabu: galibin Musulmi suka tattara a arewacin kogi, galibin Kirista suka koma kudancinsa. A watan Agustan 2002 shugabannin addinan biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, amma a watan Nuwamba aka sake zubar da jini. A waɗannan shekaru ne kuma masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu sayen kaya suka rasa albashi.

Wanda bai san kasuwa ba zai ɗauka asarar ɗan kasuwa ta tsaya ga kayan da wuta ta ci. Alhali kuwa yawancin ciniki a kan amana yake tafiya. Mai atamfa yakan ɗauko dila bashi daga uban gidansa, sai ya sayar ya biya. A hannunsa akwai ajiyar wata gwauruwa, da zubin adashi, da jarin yaron shago da ake shirin sallama. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa ba kasafai suke da inshora ba. Idan wuta ta ci shago, takan haɗa da littafin bashi, sai ya zamana babu shaida tsakanin mai bi da wanda ake bi face Allah. A nan ne jarrabawar ta fi zafi: ko mutum ya ce wuta ta cinye har da haƙƙin mutane, ko ya tsaya ya ce bashi yana nan a wuyansa.

Abin da magabata suka bari

Muridin da ya tsaya a gaban tokar shagonsa ba shi ne farkon wanda ya rasa komai a wannan silsila ba. Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) ya bar Abi Samgun saboda matsin masu mulki, ya isa Fas a 1798, kuma daga can ɗariƙa ta watsu har ya rasu a 1815. Alhaji Abdullahi Inyass ya yi hijira zuwa Gambiya a 1901 saboda Faransawa, bai dawo ya zauna Kaulaha ba sai 1910. Ɗansa Shehu Ibrahim (RTA), bayan bayyanar Faila a 1929, ya fita daga unguwar danginsa saboda tsananin inkari, ya kafa Madina Baye tare da almajiransa a filin da ba kowa.

Misali mafi kusa kuwa daga Kaduna hukuncinsa ya fito. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta raba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi da gadon sarauta. Khalifan Shehu ya tafi Azare, ya zauna kimanin shekara ashirin yana karatu da wuridi da karɓar 'yan'uwa, kafin ya koma Wudil inda ya rasu a 1991. Sarauta ta tafi, lazimi bai tafi ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah da ya naɗe hannu. Kowannensu ya miƙa wuya ga hukuncin Ubangijinsa a zuci, sa'an nan ya tashi ya gina wani wuri da hannunsa.

Ma'anar abubuwa uku

Miƙa wuya aikin zuciya ne: bawa ya yarda cewa dukiyar aro ce, Mai ita Ya karɓi abinSa, ba tare da tuhumar Ubangiji ba. Haƙuri aikin harshe da hannu ne: kada baƙin ciki ya sa mutum ya ɗora wa maƙwabcinsa laifin da bai gani da idonsa ba, kada ya ɗauki makami a kan wanda bai ji ba bai gani ba. A garin da jita-jita ɗaya take iya tayar da unguwa, kame baki ibada ce babba. Biyayya kuwa aikin gaɓoɓi ne: salla biyar a kan lokaci, lazimin safe da na yamma wanda ba ya faɗuwa don an yi gobara, har wanda ya kuɓuce masa sai ya rama, da biyan bashi ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda ake bi ya je ya faɗi gaskiya. Wanda yake bi ya jinkirta wa ɗan'uwansa, ko ya yafe idan yana da hali.

Malamai sukan kawo labarin balaraben ƙauye da Manzon Allah (SAW) ya umurta da ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Ɗaurin raƙumin ɗan kasuwa a yau shi ne ya gyara wayar lantarkin shagonsa, ya kashe wuta kafin ya rufe, ya rubuta bashi ya ajiye kwafinsa a gida. Sakaci ba tawakkali ba ne.

Gwamnatin Alhaji Ahmed Muhammad Maƙarfi ta sake gina kasuwar, ciniki ya dawo. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe kasuwanni da masallatai a Kaduna, aka mayar da saye da sayarwa filayen makarantu, masu ci daga hannu zuwa baki suka sake shiga ƙunci. Wannan ma ya wuce. Matashin da ya gaji shago a wannan kasuwa ya sani cewa a kan toka aka gina shi, kuma tasa jarrabawar tana tafe a ranar da Allah Ya ƙaddara. Guzurinta shi ne wuridin da ya riƙe da amanar da ya tsare tun yana cikin yalwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan fitinu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya zaunar da Kaduna lafiya, Ya tabbatar da 'yan'uwa a kan alkawarin da suka ɗauka, albarkacin Annabi Muhammadu (SAW). Amin.