Nazari Kan Sahihancin Gwajin Shan Mai a Motocin A-kori-kura Masu Dizal

Tun kafin a cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kasuwa ce ke yanka farashin dizal, wanda direbobi ke kira gas. Shi ya sa duk mai neman Toyota Hilux ko Mitsubishi L200 a wajen dillalan titin Zariya, daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku a Ƙaramar Hukumar Tarauni ta Kano, yakan fara da tambayar shan mai. Amsa iri biyu yake samu: alƙaluman kamfani da shaidar direba. Wannan nazari ya auna kowannensu.

Alƙaluman kamfani

A ɗakin gwaji ake fitar da su, mota na gudu a kan na'ura. Tsohon ma'aunin Turai, NEDC, tafiyar kusan kilomita 11 ce cikin minti 20. Daga Satumban 2017 aka fara maye gurbinsa da WLTP, mai kilomita 23 cikin minti 30, a zafin digiri 23, kuma esi a kashe. Kano kuwa takan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu na toshe matatar iska, ga buhuna jibge a bayan mota. Su ma alƙaluman ba su tsira daga maguɗi ba: a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo manhajar da Volkswagen ya sa wa injinan dizal don yaudarar gwajin hayaƙi, a 2016 kuma Mitsubishi ya amsa cewa ya murɗe alƙaluman shan mai na wasu ƙananan motocinsa a Japan.

Gwajin direba

Hanyar da aka saba ita ce a cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa, sannan a raba kilomita da lita. Rauninta na farko yana bakin famfo. Dizal na yin kumfa, sai famfon ya yanke alhali tanki bai cika ba, kuma ba kowane gidan mai ne litarsa ke cika ba. A ce mota ta sha lita 8 a kilomita 100: kuskuren lita ɗaya ya kai kashi 12.5 cikin ɗari, ya isa ya mai da gwana ta zama mashayiya. A kilomita 600 kuwa, wannan litar ba ta wuce kashi 2 da 'yan kai ba.

Na biyu shi ne taya. Idan aka sa wadda ta fi ta asali girma, mita za ta ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. Na uku, hanya: motar da ta yini a gosulon Gyadi-Gyadi da kwanar Asibitin Malam Aminu Kano tana ƙona mai a tsaye, ba za a haɗa ta da wadda ta miƙe zuwa Kwanar Dangora ba.

Kammalawa

Kwatance ba ya inganta sai motocin biyu sun bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya, da kaya daidai da iskar taya daidai, an sha mai a famfo ɗaya, direbobin sun yi musaya a tsakiyar tafiya, an kuma maimaita a kan tankuna da dama. Duk gwajin da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, kada mai saye ya gina ciniki a kansa.