Ƙurar Reggane

A watan Disamba 1959 wata tawaga ta taso daga Accra, ta bi ta Bawku, da niyyar isa Reggane cikin Saharar Aljeriya don hana Faransa gwajin bam ɗin nukiliya. Jami'an Faransa suka tare su a Bittou, Burkina Faso ta yau. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 bam ya tashi, Nkrumah kuwa ya sa aka riƙe kadarorin Faransa a Ghana.

Mu mutanen Jisonayili mun san dalilin fargabarsu: ƙurar hunturun da ke lulluɓe Tamale daga Sahara take zuwa. Shi ya sa nake kallon yarjejeniyar Pelindaba ta 1996, wadda ta haramta makaman nukiliya a Afirka, a matsayin ƙarashen waccan tafiya.