B.B. KING DA KIƊAN DA YA FITO DAGA GONAR AUDUGA

Jama'a, yau mu ɗan ajiye siyasa mu taɓa tarihi. A ranar 16 ga Satumba, 2025 aka cika shekara 100 da haihuwar Riley B. King, wanda duniya ta sani da B.B. King. Da yawanmu idan muka ji ana kaɗa jita irin tasa sai mu ce kiɗan Turawa ne. To ba haka zancen yake ba. Kiɗan blues kayan baƙar fatan kudancin Amurka ne, jikokin bayi, kuma tarihin wannan mutumi kusan shi ne tarihin kiɗan gaba ɗaya.

Mu faro daga tushe. A 1740, bayan boren bayi na Stono, mahukuntan Karolina ta Kudu suka yi dokar hana bayi kaɗa ganga, don tsoron kada su riƙa kiran juna da ita. Abin da ya rage musu shi ne murya, tafi, da kayan tsirkiya. An soke bauta a 1865, amma a jihar Misisipi talaka baƙi ya koma noman kashi-mu-raba: gona ta Bature, iri da taki bashi, idan kaka ta yi aka yi lissafi sai a ce ma ana binsa. A cikin wannan ƙuncin blues ya tsiro. Mutum ɗaya, jita ɗaya, yana faɗin abin da ke cinsa a rai, na bashi, na mace, na ambaliya, na ɗan sanda.

Akwai wata alaƙa da mu, amma kada mu zuzuta ta. Masanin nan ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 ya kwatanta waƙar wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru a 1964 da ta Big Joe Williams na Misisipi, ya nuna kamancen yadda ake jan murya da lanƙwasa ta. Iri ya ƙetare teku, gaskiya ne. Sai dai shukar a can ta fito, da ruwan wahalar can aka yi mata ban-ruwa.

Ina ake yin kiɗan? A wasu 'yan ɗakunan katako a gefen gonaki, daren Asabar, bayan an karɓi kuɗin mako. B.B. King ya tsinci auduga, ya tuƙa tarakta, ya yi waƙar coci, kafin ya gane cewa idan ya zauna a bakin titin Indianola yana blues an fi jefa masa kuɗi. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin wani dare a garin Twist na jihar Arkansas, wajen 1949. Ana ɗumama ɗakin rawa da durom ɗin kananzir, wasu maza biyu suka kaure da faɗa suka ture shi, wuta ta tashi. Ya fito lafiya, sai ya tuna jitarsa ta dala 30 tana ciki, ya koma cikin wutar ya ɗauko. Da ya ji a kan wata mace mai suna Lucille aka yi faɗan, sai ya raɗa wa jitar sunanta, don ya riƙa tunawa kada ya sake irin wannan wauta. Duk jitar da ya riƙe har ya mutu, Lucille ce sunanta.

Daga nan sai Memfis, inda gidan rediyon WDIA ya ba shi fili, a nan ne ma ya samu laƙabin B.B. Waƙarsa "Three O'Clock Blues" ta hau saman jerin waƙoƙin baƙar fata a 1952. Amma ku lura, faifai ba ya ciyar da mawaƙi baƙi a wancan zamani. Kamfani ke kwashe riba. Arthur Crudup, wanda ya yi waƙar da Elvis Presley ya fara fitowa da ita a 1954, ya mutu a 1974 bai ga haƙƙinsa ba. Saboda haka abincin mawaƙi yana kan dandamali. A 1956 kaɗai B.B. King ya yi wasa 342. Shekara kwana 365 ce fa! Kuma a lokacin wariyar launin fata, inda za ka cika zaure da jama'a amma otal ɗin garin ba zai ba ka ɗaki ba. Suna da nasu gidajen wasa: Apollo a Harlem, Howard a Washintan, Regal a Cikago. Wasan da ya yi a Regal a Nuwamba 1964 an naɗe shi, kuma har gobe masu koyon jita suna karatu a kansa. Idan ka saurara za ka ji rabin daɗin daga 'yan kallo yake fitowa: ya ja baiti, mata su yi shewa, jita ta amsa. Salon amshi ne da ya taso daga gona da coci.

Shi kuma soul ƙanin blues ne. Ray Charles ya ɗauki salon waƙar coci ya sa mata kalmomin soyayya a 1954, malaman coci suka yi ta tsine masa. Sam Cooke daga ƙungiyar waƙar coci ya fito, Aretha Franklin kuwa 'yar fasto ce a Detroit. Da soul ya yi ƙarfi a shekarun 1960, lokacin gwagwarmayar 'yanci, samarin baƙar fata da yawa suka juya wa blues baya. A ganinsu kiɗan tsofaffi ne, yana tuna musu gonar da iyayensu suka gudo daga gare ta. Kusan mutum miliyan 6 ne suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970, kuma ba kowa ke son waiwaye ba.

Abin mamaki, su wa suka ɗauka? Samarin Ingila. Ƙungiyar Rolling Stones ma daga waƙar Muddy Waters ta samo sunanta, kuma a 1969 B.B. King ne ke buɗe musu wasa a rangadinsu na Amurka. Wato ɗalibi a gaba, malami a baya. Duk da haka ƙofar ta buɗe. "The Thrill Is Gone" ta ba shi kyautar Grammy ta farko, daga baya ya tara 15. Bai manta da nasa ba: a Satumba 1970 ya shiga kurkukun Cook County a Cikago ya yi wa fursunoni kusan 2,000 wasa, yawancinsu baƙaƙe, da dama suna jiran shari'a ne kawai.

Sannan kiɗan ya zo ganin gida. A 6 ga Maris, 1971 Wilson Pickett da Tina Turner da Roberta Flack sun yi wasa a Akara, ranar bikin 'yancin Gana. A Satumba 1974 B.B. King da James Brown sun hau dandamali a Kinshasa tare da Miriam Makeba da Franco, kafin damben Muhammad Ali da George Foreman. Daga wannan ɓangaren kuma, Ali Farka Touré na Mali ya ci Grammy da faifan da ya yi da Ry Cooder a 1994, Bombino ɗan Agadas ya je Nashbil ya naɗi nasa, wanda ya fito a 2013.

B.B. King ya rasu a 14 ga Mayu, 2015, yana da shekara 89, kuma bai sauka daga dandamali ba sai watanni kaɗan kafin nan. An binne shi a Indianola, a harabar gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a 2008. Jihar da ta taɓa hana shi shiga ta ƙofar gaba, yau da sunansa take jan baƙi masu yawon buɗe ido.

Abin lura a nan, faifai ya adana muryarsa, amma abin da ya raya kiɗan shi ne mutanen da suka riƙa biyan kuɗin ƙofa suna zama a gabansa shekara sama da 60. Inda masu sauraro suka watse, wasu ne daga nesa suka tsince shi, kuma su suka fi cin riba. Shi ya sa nake tambaya: mai gogen da Kubik ya naɗa a 1964, yau wa ke gayyatar jikokinsa wasa, kuma nawa ake biyansu?

Allah Ya sa mu dace.