Kujera mai lamba ko "wanda ya riga zuwa shi ne a gaba"? Daga dandalin Utai zuwa ƙofar gidan wasa

1/ Jiya muka kusa raba dare ni da ƙanina muna musu. Zai shiga Kano kallon wasan wani mawaƙi, na ce ya ƙara kuɗi ya sayi tikitin kujera. Ya ce, "Haba Yaya, wa ke zuwa wasa ya zauna kamar a aji?" To wannan musun yana da tarihi, kuma akwai rayuka a cikinsa. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daga gida. A nan Utai, ƙasar Wudil, idan kaka ta yi aka kai amfani gida, makaɗa su kan sauka a dandali. Ba tikiti, ba ƙofa, ba kujera. Makaɗi yana samun nasa ta hanyar liƙi da kyautar masu hali. Wanda bai da ko sisi ma zai sha kallo har ya gaji.

3/ Amma kada ku ɗauka ba tsari. Yara a gaba zaune a ƙasa, dattawa a kan tabarma, mata a nasu gefen, samari a tsaye a baya. Da an fara matsowa sai Sarkin Samari ko wani mai tsumagiya ya zagaya: "A ja baya! A buɗe fili!" Kowa ya san kowa, kowa ya san gurbinsa.

4/ Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: dandali ba shi da katanga. Idan turereniya ta yi yawa, ka ja baya ka faɗa gona ko lungu. Duk inda ka juya hanyar fita ce.

5/ A birni ma haka tsarin yake tun da. Ku dubi Hawan Daushe a Ƙofar Kudu: manyan baƙi a zaune a sama cikin inuwa, talakawa a tsaye a rana suna kallon jafi. Wato raba "masu zama" da "masu tsayuwa" ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Baƙon shi ne kallo a cikin gini, a biya a ƙofa.

6/ Wannan ya shigo Kano ne da gidajen silima. An buɗe Rex a 1937, har ana ware ranakun Turawa daban da na 'yan ƙasa. Daga nan lissafi ya sauya. Mai gida yana cin riba ne da yawan kawunan da suka wuce ta ƙofa, don haka ƙofar shiga takan zama ƙarama, a tsare, don kada wani ya sulale bai biya ba.

7/ Ranar 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a silimar El Duniya a Kano. Faifan fim na wancan zamani yana kamawa da wuta kamar fetur. Mutane kusan 600 ne a ciki, 331 suka rasu. Fiye da rabi. Allah Ya jiƙansu. Yawancinmu ba mu taɓa jin labarin ba, alhali kakanninmu ne.

8/ Ku kwatanta da dandali. Mutanen iri ɗaya ne, son kallon iri ɗaya ne. Abin da ya ƙaru shi ne katanga da rufi da ƙofa. A fili, firgici yana watsa mutane. A cikin gini, yana tara su wuri ɗaya.

9/ Yanzu mu tsallaka Amurka, inda musun kujera da tsayuwa ya zama maganar doka. Ranar 3 ga Disamba, 1979, ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna The Who za ta yi wasa a Riverfront Coliseum, birnin Cincinnati. An sayar da tikiti sama da 18,000. Fiye da 14,000 daga ciki ba su da lambar kujera.

10/ Me hakan ke nufi? Wanda ya riga shiga shi ne a gaban mawaƙi. Sai dubban matasa suka yi dafifi a bakin ƙofa tun da rana, cikin sanyin hunturu. Da suka ji ana gwada kayan kiɗa a ciki, suka zaci an fara. Na baya suka dinga turowa, ƙofofin da aka buɗe kuma 'yan kaɗan ne.

11/ Mutum 11 suka mutu, tun ba su ga mawaƙan ba. Su kansu mawaƙan sai bayan an tashi aka faɗa musu. Kafin watan ya ƙare birnin ya haramta tikiti marar lamba a manyan wasanni. Haramcin ya kai har 2004, kusan shekara 25, sannan aka ɗage shi da sharuɗɗa.

12/ Hujjar masu kujera mai lamba a fili take. Idan gurbinka yana jiranka, me zai sa ka yi gudu ko ka ture wani? Kuma kujera ƙidaya ce: in kujeru 5,000 ne, mutum na 5,001 ba shi da wurin zama, kowa zai gani.

13/ 'Yan gidan kallon ƙwallo, ga naku. Kun taɓa tambaya me ya sa aka mayar da filayen Firimiya duk kujeru? Hillsborough ce sanadi. Ranar 15 ga Afrilu, 1989, a Sheffield, wasan Liverpool da Nottingham Forest. Aka buɗe wata babbar ƙofa, jama'a suka kwarara cikin ɓangaren tsayuwa da ya riga ya cika, ga shingen ƙarfe a gabansu.

14/ Rayuka 97 suka salwanta. An daɗe ana ɗora wa magoya baya laifi, sai a 2016 bincike ya wanke su, ya nuna sakacin masu kula da taron. Rahoton alƙali Taylor na 1990 shi ya sa manyan ƙungiyoyi suka cire wuraren tsayuwa, zuwa 1994 kowa a kujera.

15/ To shi ke nan kujera ta yi nasara? Ba nan gizo ke saƙar ba. Da aka zuba kujeru, gurbi ya ragu, kuɗin tikiti ya hau, talaka ya fara komawa kallo a talabijin. Magoya baya kuma ba su daina miƙewa ba, sai dai yanzu suna tsaye a tsakanin kujerun da ba a yi su don haka ba.

16/ Shi ya sa a Janairun 2022 Ingila ta dawo da tsayuwa a filaye irin na Chelsea, Tottenham da Manchester United. Amma da sabon tsari: kowane mai tsayuwa yana da lambarsa, kowane layi da ƙarfen dafawa a gabansa. Ka tsaya, ka yi ihu, amma an ƙidaya ka.

17/ A nan ƙanina yana da gaskiyarsa. Tsayuwa a fili ita ta fi kama da dandali. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka kafaɗa da kafaɗa, mai sammako shi ne a gaba. A wasanninmu na yau kuwa, gaban dandamali na masu teburi ne da VIP, masu son mawaƙin da gaske suna can baya suna ɗaga waya.

18/ Sai dai haɗarin bai tafi ko'ina ba. 5 ga Nuwamba, 2021, wasan Astroworld na Travis Scott a Houston: mutum kusan 50,000, goma suka mutu, ƙaraminsu ɗan shekara 9. A fili aka yi shi, amma fili mai shingaye. Sannan 15 ga Disamba, 2022, wasan Asake a Brixton, Landan: cunkoso a ƙofa ya ci rai biyu.

19/ Abin da mutane ba su sani ba: yawanci ba tattakewa ke kisa ba. A tsaye mutum yake mutuwa. Idan an kai mutum shida ko fiye a murabba'in mita ɗaya, ƙirji ba ya samun wurin buɗewa, numfashi ya gagara. Na baya bai san me ke faruwa a gaba ba, shi dai yana matsawa ne kawai.

20/ Ku jera su: El Duniya, Cincinnati, Hillsborough, Brixton. Wasu a zaune suke, wasu a tsaye, wasu ba su ma shiga ba. Tambayoyin da suka haɗa su biyu ne. Mutum nawa aka bari suka taru? Ƙofa nawa ce a buɗe? Kujera mai lamba tana taimakawa wajen ta farko. Ta biyun kuwa sai mai shirya taro ya ji tsoron Allah.

21/ Ga abin da na ce wa ƙanina, ku ma ku ɗauka. Da ka shiga, fara neman ƙofar fita ta biyu da idonka. Kada ka manne da shinge ko bango. In ka ji ba ka iya ɗaga hannu ka taɓa fuskarka, wurin ya cika, fara zamewa gefe-gefe. In an matse ka, dunƙule hannuwa a gaban ƙirji kamar ɗan dambe.

22/ Takalmi ko waya ta faɗi? Bar ta, kada ka sunkuya. Wani ya faɗi? Ku ɗaga shi nan take. In kuwa ka iso ka tarar ana kokawa a ƙofa ɗaya tilo, juya ka koma gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

23/ Masu shirya wasa da gala da taron siyasa da rabon kayan azumi, ku ma da ku nake. Mai tsumagiyar dandali bai yi boko ba, amma ya san aikinsa shi ne buɗe fili. Kada ku sayar da tikitin da ya fi ƙarfin ɗaki. Kada ku sa wa ƙofar fita kwaɗo don gudun 'yan satar shiga.

24/ Ƙanin nawa dai tikitin tsayuwa ya saya, ni na cika masa kuɗin mota daga Wudil. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: da ya shiga ya turo min hoton ƙofar fita kafin hoton mawaƙi. Ku fa, kujera ko fili? Kuma wanda ya taɓa jin labarin El Duniya daga bakin kakansa, don Allah ya ba mu a ƙasa.